Layuka Bakwai da Na Goge

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Umma? Ya Baba da gareji? Ni lafiya lau. Ɗakina ba ya ganin rana, amma na saba.

Ka tambayi aikina. Tafinta muke gyarawa, wato manhajar da ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Ta girme ni, kullum cikin faci take.

Makon jiya na tarar da wasu layuka bakwai a cikin rubutun manhajar da babu wanda ya san amfaninsu. Na goge su, har ina yaba wa kaina. Kafin la'asar koke ya yi mana yawa, manhajojin mutane sun ƙi tashi. Shugabarmu ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in mayar, in gano dalilinsu. Kwana huɗu ina tono.

Wata mai zuwa za a duba kwantiragina. Kada Umma ta ji, ka dai sa ni a addu'a.

Ka ce wa Baba, gwangwanin tsofaffin kusoshin nan da nake cewa tarkace ne, kada ya zubar da ko ɗaya.

Ƙanwarka,
Auta