Furen Mama Mai Warin Tafarnuwa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya? Wayarka ba ta shiga a wurin fasa dutsen nan naku, shi ya sa na ba direbanku wannan takarda.

A tsorace nake, Yaya. Ka san furen marigayiya Mama na bakin famfo, mai warin tafarnuwa. Tun rasuwarta ba wanda ya rage shi, ya cunkushe har ya haɗe da albasar kwaɗin da ke gefensa. Jiya ina shara na ga saɓar maciji a ciki, ta fi taɓarya tsawo.

Baba kuwa tun da idonsa ya tafi, nan ne wurin zamansa. Kullum da safe sai ya cusa hannu cikin ganyen, ya murza yana shinshinawa. Da na gaya masa ya ce, "Uwarku ta ce abin ƙasa ba ya kusantar wannan warin, shi ya sa ta shuka shi. Ke kin fi ta sani ne?"

Me zan yi? Ka huta lafiya.

Autarku

*

Auta,

Wa alaikis salam. Lafiya lau nake, sai kewarku. Ke da ƙadangare ma yake sa ki hau tebur, kin tabbata ba tsohuwar leda kika gani ba?

To, bar wasa. Kada ki sake ambatar maciji a gabansa, gardama kawai za ki tayar. Ce masa lokacin raba furen ya yi, yadda Mama take yi. A tone shi duka, a ɓalle kawunan, a sake dasawa da tazara yadda za a riƙa ganin ƙasa. Ki kira mai lambun bayan layi, ya zo da dogon takalmi da fartanya. Shi kuma Baba ki zube masa kawunan a tabarma ya ware da hannunsa, ransa zai yi daɗi.

Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Barka da war haka. Ledar taka baƙa ce, tana da kai, kuma ta fasa shi. Mai lambu yana kai sara na biyu ta miƙe, ta bi magudanar ruwa ta fice.

Ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Mun zube wa Baba kawunan da ƙasarsu, yana ta warewa har da ɗan murmushi. Na shiga ɗebo ruwa, ina fitowa na gan shi riƙe da wani abu fari yana latsawa. Ya ce, "Auta, wannan ta yi laushi, amma ba ta ruɓe ba." Ƙwai ne, Yaya! Ban san lokacin da na doke hannunsa ba. Ni, na doke hannun Baba.

Na ce da mai lambu ya kwashe komai, fure da ƙasa da tabarmar, ya ƙone. Ka ce na yi gaggawa in ka so, ba kai ka gani ba.

Tun ranar Baba ya daina hira da ni. Ya daina fitowa tsakar gida, ya hana ni share ɗakinsa, kullum da safe sai ya sa in miƙa masa kofin ruwa ta bakin ƙofa, ya rufe. Ina jin kunyarsa, ina kuma jin haushinsa.

Sai na ji daga gare ka.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta daɗe a hanya, motar ce ta lalace. Na karanta hankalina bai kwanta ba. Baba yana da butarsa da gorarsa a ɗaki, me zai yi da ƙarin kofi guda kullum? Kuma kin bar shi shi kaɗai da tabarmar nan kafin ki fito. Ki shiga ɗakin yau, ko zai yi fushi. Ki sa takalmi.

Allah ya tsare ku.

Yayanki

*

Yaya,

Salama a gare ka. Na shiga.

A ƙarƙashin gado na sami kwanon wanke-wanken Mama cike da ƙasa. Furen ya tsiro, fari fat don rashin rana. A tsakaninsa akwai ɓawon ƙwai huɗu, duk a tsage, ba komai a ciki.

Baba ya ce masu laushin ya fara ɓoyewa a aljihu, a zatonsa kawunan fure ne, don ya san su za mu fara zubarwa. Na tambaye shi ko bai ji komai ba. Ya ce, "Na sha jin abu ya bi ta kan ƙafata. In na faɗa, ai wannan ma ƙonewa za ki yi."

Na kira mai kama macizai, ya fitar da komai na ɗakin, 'ya'yan maciji biyu kawai ya samu. Baba yana ɗakina a kan gado, ƙafafunsa a naɗe, kwanon a cinyarsa. Ban karɓa ba.

Ka taho, don Allah.

Auta