Sunan da Ban Rubuta Ba

Litinin, 3 ga Maris 2014, Leiden
Wasiƙa daga Sietske Terpstra. Shekara talatin da shida rabonta da ɗakin duba marasa lafiyata. Doortje, matar da suka yi rayuwa tare, ta rasu a watan Janairu. Sietske tana son bayanan da na rubuta a kanta lokacin da nake duba ta. Wai a nan ta ba da labarin farkon haɗuwarsu, ga shi yanzu mantuwa ta fara yi mata sata.

Laraba, 5 ga Maris
Na sauko da kwalin bayanan, gwiwa tana ƙorafi. Shekara uku Sietske tana zuwa tana kwanciya a doguwar kujera, ni ina zaune ta bayan kanta ina rubutu, yadda aka koya mana mu likitocin ƙwaƙwalwa: kada mara lafiya ya ga fuskar likita. Ba wanda ya tuna mana cewa mu ma ba ma ganin tasa.

Alhamis, 6 ga Maris
Uwa, uwa, kowane shafi uwarta. "Ba ta gama girma ba." "Uwa take nema a jikin wata mace." Rubutun kuwa tsaf, abin haushi. Doortje ko suna ba ta samu ba, "alamar ciwon" na riƙa kiranta. Alamar ciwon ta yi kusan shekara arba'in tana dafa mata kofi.

Asabar, 8 ga Maris
Haka littattafanmu suka ce a lokacin. Ba ni na ƙago ba.

Talata, 11 ga Maris
Ta zo, kai fari fat. A bakin doguwar kujerar ta zauna, ba ta kwanta ba. Ta karanta shafi huɗu ta rufe.

"Likita, ashe duk shekarun nan da mahaifiyata kake hira."

Na ce akwai abu guda da na riƙe, ba a takarda ba: ranar da sarƙar kekenta ta zame a kan gada ana ruwa, wata baƙuwa, Doortje ke nan, ta tsaya ta gyara, ta goge baƙin mai a siket ɗinta.

"Ba siket ba ne. Gyalen wuyana ne, ja. Ko izini ba ta nema ba."

Daga nan ta ɗora, har awa guda. Ban fassara komai ba. Ashe haka fuskarta take yi idan ta ambaci sunan.

Juma'a, 14 ga Maris
Za ta dawo Talata. Ita ta faɗa, ni in rubuta, kalma da kalma. Na sayi sabon littafi, na rubuta Doortje a bangonsa. Na juyo da kujerata gaba. Hasken taga ya fi kyau ta nan, shi ke nan.