Makokin Na'urar Yuleisy

Moca, 9 ga Janairu, 2006

Zuwa ga 'yata Dilenia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, sanyin New York bai kwantar da ke ba. Yaya aiki? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa.

Kwalinki ya iso kafin Ranar Sarakuna Uku, bikin da yara suke jiran sarakunan su zo cikin dare a kan raƙuma su bar musu kyauta. 'Yarki Yuleisy ta ajiye wa raƙumansu ciyawa da ruwa a ƙarƙashin gado, yadda kike yi kina ƙarama. Da safe ta tarar da kyauta biyu: littafin koyon karatu da na saya mata, da koriyar na'urar wasan da kika aiko. Ba sai na faɗa miki wadda ta rungume ba.

Na duba abin da kyau. Wata agwagwa ce a cikin gilashi take bin haruffa tana haɗiyewa. In yaro ya dace a yi masa tafi, in ya kuskure a yi masa kiɗa. Shekara talatin da huɗu ina koyarwa, ban taɓa yi wa kuskure kiɗa ba. Maƙwabciyarmu Doña Chencha ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, an sake yi maka ritaya ke nan, kuma sabon malamin ko kofi ba ya sha!" Na ce ta je ta duba wakenta kada ya ƙone.

Tambayata ɗaya ce. Me ya sa Turanci kawai abin yake yi? Duk girman garin naku babu mai Sifaniyanci? Yarinya 'yar shekara biyar, ko haruffan harshenta ba ta sani ba tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Teófilo Almonte

Moca, 21 ga Fabrairu

'Yata Dilenia,

Ina gaishe ki, da fatan tarin da kika ce kina yi ya sauka.

Na yi wani abu da ba na alfahari da shi. Na cire batiran na'urar na ɓoye, na ce wa yarinyar abin ya mutu. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta tambaye ni ko irin mutuwar kakarta ce. Na ce e.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin falo, ta ɗora na'urar, ta ajiye kofin ruwa da furanni a gefe, daidai yadda muka yi wa mahaifiyarki bara a addu'ar kwana tara. Kullum da yamma sai ta jera kujeru, ta zaunar da 'yar tsanarta, ta ce, "Kaka, kai ka iya, ja mana." Ni da na yi jami'a a Santo Domingo, na zauna ina yi wa roba addu'a. Amma da an shafa, ba ta da abin yi, sai ta ɗauko littafin. Ran na bakwai ta haɗa haruffa huɗu ta karanta kalma da kanta. Na shiga kicin don kada ta ga fuskata.

Ran na tara Chencha ta shigo da butar kofi, wai ta zo ta'aziyya. Ta gama dariyarta, sannan ta ce, "Kai ma dai, tsoho, mayar mata da abinta. Ai za ta buƙaci Turancin nan kafin Yuni."

A haka na ji, Dilenia. Ashe kin gama shirin ɗauke ta. Chencha ta sani, mai kanti ya sani, fadan cocinmu ma ya sani. Ni da nake taje mata kai kullum da safe, aka bar wa agwagwa ta sanar da ni.

Ba na cewa ba 'yarki ba ce. Amma da kin rubuto mini layi biyu. Ni na koya miki rubutu.

Mahaifinki,
Teófilo

Moca, 30 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin tambayi jikina, yana nan yadda yake.

Na kai Yuleisy Santo Domingo, an ɗauki hoton fasfo, na sa hannu a duk inda aka nuna mini. Batiran ma na mayar tun cikin Maris. Da agwagwar ta yi kuka, sai yarinyar ta ruga waje tana shela wai addu'armu ta karɓu. Ban gyara mata ba.

Duk da haka ba ta daina zuwa teburina ba. Yanzu tana karanta layi guda cur, a hankali, da yatsa a ƙarƙashi. Ita ce ɗalibata ta ƙarshe, kuma rabin hanya kawai na kai ta. Na san abin da makarantunku suke yi wa irinta. Na ga yaran da ake dawowa da su hutu, ba su iya gaida kakanninsu ba.

Wasiƙata ta gaba Yuleisy zan rubuta wa, da manyan haruffa. Ki miƙa mata a rufe. Kada ki karanta mata, kada ki taya ta ko da harafi ɗaya. Ranar da ta kasa kuma, kada ki gaya mini.

Allah ya tsare ku.

Mahaifinki,
Teófilo Almonte