Idona Na Hagu Da Abin Da Auta Ta Yi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya raba ki da ciwon ƙafar nan. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, Baba kuwa har yanzu faɗa yake da rediyonsa.

Yaya, maganar idona ce. Kwanaki na fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idon hagu, har zura zare a allura ya gagare ni. Auta ce ta raka ni asibitin ido. Likita ya haska, ya ce wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar cuta ce, irin wadda ake samu a naman da bai dahu ba ko a kashin kyanwa, ta shige can bayan idon. Ya ce ba ita kaɗai ke ɓarnar ba, garkuwar jikina ce ta taso mata da faɗa, wurin ya kumbura, kumburin kuma shi ke barin tabo. Ya ba ni magani iri biyu, na kashe ƙwayar da na lallashin garkuwar. A gaban Auta ya faɗa cewa idon dama lafiyarsa ƙalau, kuma ba a ɗaukar ciwon ta zama da mai shi.

Da ya ce in huta, ko tunani ban yi ba na miƙa mata makullin shago. Yarinyar da na goya, ni na ɗora ƙafarta a kan keken ɗinki! Sai ga matar mai kanti ta zo dubiya tana hawaye, wai Auta ta shaida wa masu kawo mini ɗinki cewa na makance, ciwon kuma ana ɗauka, kowa ya mai da yadinsa ɗakinta. Da na ji dama-dama na lallaɓa na je. Babu keke, babu almakashi, sai benci da ƙyallaye a ƙasa.

Jiya Auta ta zo gaishe ni. Daga bakin ƙofa ta tsaya, ta toshe hanci da gyale don maƙwabta suna kallo. Na amsa mata gaisuwar. Don Allah kada ki gaya wa Inna. Kullum albarka take sa mata, wai ta riƙe mini shago.

Ki gaida maigidan, da Gwaggo, da takwarata. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ƙanwarki mai bi miki