Su Maido Mani Ƙarfena

Mawashi, daren Laraba

Shekara uku ke nan ina cewa su maido mani ƙarfena, ba mai saurare na. Tun gemuna na baƙi nike gadin siton hatsin nan. Ƙarfen nan tsohon wilin mota ne rataye a icen bedi, in na buga shi har Fulanin ruga sai sun sheƙo. Rana ɗaya masu sito suka zo suka kwance shi, suka liƙa wani akwati a bango mai maɓalli uku, duk baƙaƙe. Wai 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da asibiti kowa da nashi, in na danna za su ji daga ofis.

Yau da la'asar wuta ta kama karan bayan sito. Na ruga na danna. Rubutun boko ne a jiki, ni mi na sani? Ashe na ɓarayi na taɓa. Sai ga mota cike da bindigogi, ko bokiti babu. Ba don Hajo mai nono ta kwarma ihu mutane sun fito ba, da gero ya ƙare.

Malam Sani, mai kula da sito, ya ce, "Haba Baba Ilu, na biyu ne na wuta! Ai an koya maka."

Na ce, "Yaushe, ɗana? Ranar da kuka zo, hoto kuka ɗauka kuka tafi."

Wai gobe za a zauna kan aikina. Har yanzu rigata warin hayaƙi take, barci ya ƙi zuwa.

Su zauna. Amma kafin in miƙa makulli, sai mutum guda ya dubi idona ya amsa mani: wa ya ce a kwance ƙarfen nan, kuma ina aka kai shi?