Kuɗin Duban Kwaɗi

Zuwa ga 'yata Rhian,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Leeds ba ta cinye ki da ruwan sama ba. Ni lafiya, in ban da gwiwa.

Kin san gidaje biyun da na gina a gonar kakanki. Ƙaramar hukuma ta ce tunda na kori ciyayi da ƙwari, sai na haƙa kududdufi, na shuka furannin daji a ragowar filin. Na yi. Yanzu kuma wai in biya su fam dubu huɗu, ladan zuwa duba wurin har shekara talatin. Rhian, shekarata saba'in da ɗaya! Wa za su tarar? Na bar makaranta da wuri, amma wannan lissafin ko ni na iya shi. Ba zan biya ba.

Ubanki mai taurin kai,
Clive

Baba,

Ina gaishe ka, ya gwiwar? Don Allah ka biya. In suka kai ka kotu gida na biyu ba zai sayu ba, bankin da ya ba ka bashi kuma ya ƙwace gonar. A waya ka ce mai duban za ta zo ran Talata. Ka ba ta shayi, ka rage barkwanci.

Taka,
Rhian

Rhian 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ta zo, sunanta Oakley, yarinya mai hankali. Tunda baƙuwa ce, ran Litinin na hau injin yankan ciyawa na aske filin tas, kamar yadda uwarki ta koya min. Ko filin ƙwallo albarka.

Da ta gani sai ta dafe kai. "Mista Pugh, ina furannin?"

Na ce, "Suna cikin buhu, in kina so ki tafi da su."

Ta ce ai barinsu ake yi su girma. Na ce a garin nan wanda ya bar ciyawa ta kai gwiwa, maƙwabta leƙowa suke su ga ko ya mutu. Ta yi dariya, ta sha shayina, ta cinye biskit, sannan ta rubuta wai na faɗi jarrabawar dubawa. Za ta dawo baɗi, da ƙarin kuɗin dawowa.

To na biya dubu huɗun, kada ki ce ubanki ya zubar da gonar. Amma ƙarin nan, ko sisi. Kwaɗi sun cika kududdufin, ba ta ko kalle su ba. Ran Alhamis kansiloli za su zauna, zan cika bokiti in kai musu har kan tebur, su duba a kyauta.

Naki,
Baba

Baba,

Gaisuwa. Ba a shiga bas da kwaɗi, direba zai sauke ka. Ka jira ni ran Alhamis da safe, zan zo da mota. Ka nemo murfi.

Rhian