Baffa ya ƙi ragar da aka gwada a zuciyar alade

Gwaggo Ummusalma, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni likitar dabbobi ce, 'yar Ali Kazaure a nan Jos. Mahaifina, Baffa, fataucin shanu yake yi. Bara waccan jijiyar zuciyarsa ta toshe, aka kai shi ƙasar waje aka sa masa 'yar ragar ƙarfe ta buɗe hanyar jini. Yanzu tsoka ta tsiro a cikin ragar, hanyar ta sake matsewa. Mutumin da ke yini tsaye a kara, yau daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Likitansa ya ce a koma a sa masa sabuwar raga, wadda aka shafe da maganin da ke hana tsokar tsirowa.

Abin takaici, a kan irin wannan ragar na ƙaro karatu a waje. Mukan sa wa dabbobi raga iri-iri, masu magani da marasa magani, bayan makonni mu buɗe mu ga jijiyar da ta fi matsewa. Na ɗauka wannan zai kwantar masa da hankali, na ce da idona na ga aikinta. Shi kuwa mutumin shanu, sai ya tambaye ni wace dabba. Aladu ne, Gwaggo, domin jijiyar zuciyarsu ta fi kama da tamu. Ban iya yi masa ƙarya ba.

Tun ranar gidanmu ya dagule. Ya ce abin da ya kwana a zuciyar alade ba zai shiga tasa ba, gara ya haɗu da Ubangijinsa da tsarki. Yayana Zubair ya baza maganar a unguwa, kin kuwa san yadda sunan alade yake a bakin mutane tun bayan rikicin Jos. Har kwano an ware min. Ni da na yi dare da rana ina yi wa Baffa addu'a!

Yanzu ya kafa sharaɗi: in dafa Alƙur'ani in rantse babu alade a jikin ragar, kuma ba za ta kashe shi ba. Na farkon zan rantse. Na biyun fa? Na ga yadda maganin ke jinkirta warkewar jijiya, na ga gudan jini ya toshe wasu. Dole mai ragar ya daɗe yana shan ƙwayar tsinka jini kullum, Baffa kuwa da ya ji sauƙi yake jefa magani bayan akwati. Inna tana kuka, wai in rantse kawai, daga baya na yi kaffara. Tsoro nake ji. In na ƙi, ya mutu. In na rantse, ya mutu da rantsuwata a wuyana.

'Yarki mai baƙin ciki, Jos.

'Yata, Allah ya ba Baffa lafiya. Kada ki rantse a kan abin da ba ki sani ba. Ranar da ƙirjinsa ya sake ciwo, ba zai ƙara yarda da ke ko likita ba, ke kuma ba za ki yafe wa kanki ba.

Amma ki daina kallon ƙinsa a matsayin taurin kai. Dattijo ne da ke jin mutuwa kusa, yana tsoron ya je da najasa. Ni ba malama ba ce, don haka ki kawo malamin da shi kansa yake girmamawa, ba wanda kika zaɓa ba. A gabansa ki yi bayani da harshen kara: in an gwada magani a kan wata dabba, ba allurar da aka soka mata ake soka wa garke ba. Ragar da za a sa masa sabuwa ce fil, ba ta taɓa jikin kowace dabba ba. A kan wannan ki rantse da zuciya ɗaya.

Sauran kuma ki faɗa masa yadda kika faɗa min, har da gudan jinin. Mai sayen shanu ya fi yarda da wanda ya nuna masa aibin saniya. Ki kuma gaya wa likitansa halinsa da magani tun kafin a tafi, domin wannan ya fi aladen haɗari, kuma yana iya sauya shawarar likita. In an yi aikin, a ɗora wa Zubair ba Baffa ƙwayar kowace safiya, bakinsa ya samu aikin da ya fi yawo da sunanki.

Baffa yana iya sauraron duk wannan ya ƙi. Zuciyarsa ce, ba za ki sa masa raga da ƙarfi ba. In haka ta faru, ki ɗauki kwanon da aka ware miki, ki zauna bakin ƙofarsa ki ci abincinki kullum. Kada ki bari ranar rabuwa ta riske ku ba kwa magana. Allah ya sassauta, ya ba ki juriya.